Amudi Mai Ƙanshin Sabulu

"Idan kika ga amudinki ya dawo a wanke da sabulu, to ba naki ne ya ci ba."

Ba da Munira ake ba. Wata mata ce mai jan tobi, wato laffaya, a gabanta cikin layi take faɗa wa ta kusa da ita, da Larabci, tana gyara ɗan kunne kamar mai maganar tsadar albasa. Ta kusa da ita ɗin sabuwar zuwa ce, daga yadda ta rungume kayanta a ƙirji za ka gane. Ta ce, "Saboda me?"

"Sabulu a gidan yari? Wanda ya samu guntu ai jikinsa zai wanke. Nawa kullum da maiƙonsa yake dawowa, har da shatin yatsa. Ranar da ya dawo yana ƙanshi, na san an yi wani abu."

Layi ya matsa, suka koma hirar wata mai lalle da ta ɓata wa amarya hannu. Munira ta sauya amudin daga dama zuwa hagu. Kwanuka ne na ƙarfe a ɗore kan juna, marfi mai mariƙi ya maƙale su, kowace mace a layin nan tana riƙe da irinsa. Na ƙasa kisra ce, wainar dawar nan mai falle-falle, na tsakiya miyar busasshiyar kuɓewa, na sama dabino da 'yar dakwa. Zafin miyar yana taɓa mata gwiwa ta cikin siket.

Tun da aka ɗaure yayanta Ɗahiru a kurkukun nan na Umdurman, kan wasu wayoyi da aka ba shi ajiya a rumfarsa ta Kasuwar Libiya ashe na sata ne, ita ke kawo abinci. Ɗahiru bai taɓa wanke kwano ba tun da aka haife shi. Yatsa yake sawa ya suɗe, ya ture gefe. Haka amudin yake dawowa da can, da warin miya da ƙuda na binsa har cikin mota. Amma kwanakin nan fes yake dawowa, har yana ƙara in ka goga yatsa. Yumma, mahaifiyarsu, ta buɗe shi shekaranjiya a kan gadonta, ta shinshina, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba.

"Kin ga ɗan nan? Abin da na kasa koya masa, gidan yari ya koya masa."

Munira ma ta yi dariya a lokacin.

Ziyarar da ta wuce da ta gabanta duk ba ta gan shi ba. Ta bi layi, ta kai taga, an duba an ce, "Wannan ba shi da ziyara," an kira na baya. Ba ta tambayi dalili ba. Ta koma gida Aljirif ta ce wa Yumma ta gan shi, ya yi aski, yana gaishe ta, ya ce a rage barkono. Yumma ba ta iya zuwa da kanta. Ciwon suga ya ci mata yatsun ƙafa, daga gado zuwa randa ma sai da bango. Duk abin da ta sani game da ɗanta, a bakin Munira take ji.

Akwai kuma abin da Munira take ta kewaye shi a ranta, kamar yadda ake kewaye rami a hanya. A ziyara ta ƙarshe da ta gan shi, ta kawo masa wankakkun kaya, cikinsu da arragi, 'yar farar rigar nan da maza ke sawa a gida. A hammatar rigar akwai laya.

Layar babansu ce, shi ma ya gada daga nasa uban, wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Makka, ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya bakin kogi yana koyar da yara karatu bai ƙara gaba ba. Ƙarama ce, ba ta kai akwatin ashana ba, fatar ta yi baƙi don gumi. Ba a buɗe ta, haka aka ce, kuma ba wanda ya taɓa buɗewa. Da Ɗahiru ya ce ba ya samun barci, Yumma ta dage sai an kai masa. Munira ta ce ba a barin laya ta shiga, ta ga an mayar wa wata tsohuwa da tata a taga. Yumma ta juya fuska bango ta yi kukan nan nata marar sauti. Sai Munira ta ce, "Kawo in gani."

Ba wanda ya sa ta. Ita ta farke hammatar, ta kwantar da layar tsakanin ninkin yadi, ta mayar da ɗinki da allura ƙanana-ƙanana, har ita kanta sai ta laluba take gane wurin. Ta ji daɗin aikin. Abin da ya fi cin ta yanzu ke nan, ta ji daɗi.

Ta yi niyyar gaya masa ranar. Suna tsaye, raga tsakaninsu, kowa na ihu don nasa ya ji shi, ta buɗe baki za ta faɗa da Hausa don kada masu gadi su gane. Sai ta ga wanda ke tsaye a kafaɗarta tsohon gandiroban nan ne, Labaran. Da Larabci yake magana da kowa, amma ta taɓa jin wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya ya ce ƙasa-ƙasa, "To, ki ajiye min, ina tafe." Ta haɗiye maganar. Ta ce a ranta sai wani zuwan. Aka busa usur.

Yau ma shi ne a taga. Ya karɓi amudin bai dube ta ba, ya warware kwanukan, ya yayyaga kisrar, ya dama miyar da cokali yana neman abin da ba ya ciki, ya matsa dabinon ɗaya-ɗaya.

"Sunan?"

"Ɗahiru Mahmud."

"Bayan azahar."

Ta tsaya. Maganar ta zo har bakinta. Ta bayanta ta zungure ta da gwiwar hannu ta ce, "Ke, kin sayi wurin ne?" Munira ta matsa gefe.

Komawa Aljirif a dawo ba zai yiwu ba, mota biyu ce da gada, in kuma aka rufe gadar sai dare. Don haka masu nisa suke jira a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke tsallaken titi, wurin Awadiyya mai shayi. Mata ce ƙatuwa mai haƙorin zinariya ɗaya, ta girme wa rabin gandirobobin a bakin ƙofar nan, ta san wanda aka ɗaure, ta san wanda aka saki, ta san matar da ta daina zuwa da wanda ta koma wa. Munira takan zauna a kujerar ƙarshe, bayan tukunyar garwashi, inda hayaƙi ke korar mutane.

"'Yar Hausa mai tsadar magana," in ji Awadiyya. "Yau ma shiru za ki sayar mana? Zo nan, hayaƙin nan zai mayar da ke agashe."

Matan suka yi dariya. Munira ta matso da kujerarta kaɗan. Awadiyya ta miƙo mata shayi mai na'ana'a ba tare da ta tambaya ba, ta tsaya tana kallonta.

"Kin rame. Ke aka ɗaure ko shi?"

"Lafiya lau, Hala," ta ce, yadda ake kiran inna a nan.

"Lafiya lau, Hala," ta kwaikwaye ta da siririyar murya. "Ina ganinki ranar ziyara, kina shiga kina fitowa kafin ruwana ya tafasa. An hana ki, ko?"

Munira ta gyaɗa kai.

"Sun ce me?"

"Ba shi da ziyara."

"Kika ce me?"

Munira ta sunkuyar da kai. Awadiyya ta buga cinya. "Ya Rabbi! Ba ta ce komai ba. Ke, a ƙofar nan wanda bai yi ihu ba ko gawarsa ba a ba shi." Ta rage murya, ba don kada a ji ba, don a matso. "In an ce ba ziyara kuma ba a ce an ɗauke shi wani gari ba, abu biyu ne. Ko asibiti, ko infiradi. In asibiti ne da sun nemi ku kawo magani, ba sa jin kunyar wannan. Saura ɗaya."

"Mene ne infiradi?" Sabuwar zuwan nan ce ta tambaya. Munira ta gode mata a ranta.

"Ɗakin kaɗaici, 'yar uwa. Kurkukun cikin kurkuku. Wanda ya yi laifi a ciki, can ake kai shi. Shi kaɗai, ba taga, ba fita, ba mai ce masa sannu. In ya miƙe hannu biyu ya taɓa bango da bango. Ba ziyara, ba abincin gida." Ta zuba garwashi. "Akwai wani ɗan Kosti da ya yi zaman can a bazarar bara. Ranar da aka sake shi ya zauna a kujerar nan taki, na ba shi shayi, ya ce in rufe masa ƙofa. Wace ƙofa? A ƙarƙashin bishiya muke."

Mai jan tobi ta ce, "Nawa ma ya taɓa shiga, kan waya. Amma shi mai taurin kai ne, ya fito yana waƙa."

"Naki ai ko kabari aka sa shi zai fito yana waƙa," in ji Awadiyya, aka sake dariya.

Munira ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta sha ba. Ta tsallaken titi katangar ta miƙe doguwa, launin ƙasa, da waya mai ƙaya a samanta. Rana ta riga ta hau, kwaltar tana tururi. A nan inuwa ma gumi na bin bayanta. Ta yi ƙoƙarin tuna Ɗahiru a wuri mai ƙunci ta kasa. Mutumin da ko a gida ba ya kwana a ɗaki, sai ya jawo gado tsakar gida, ya ce rufi na danne masa ƙirji.

Wayarta ta yi ƙara. Yumma. Ta tashi ta koma bayan bishiyar.

"Kin miƙa?"

"Na miƙa, Yumma."

"Da zafinsa?"

"Da zafinsa."

"Madalla. In kin ga wanda zai kai masa saƙo, ki ce ya riƙa sa rigar nan ko da daddare, kada ya cire. Na yi mafarkinsa jiya, ya yi ƙiba, yana zaune a kan bulo kamar lokacin da yake aiki a bakin kogi. Kin ga tun da abin babanku ya isa gare shi hankalina ya kwanta. Allah ya yi miki albarka da hannun nan naki."

"Amin, Yumma."

"Me ya samu muryarki?"

"Hayaƙi ne. Ina wurin mai shayi."

Ta yi sallar azahar a kan kwalin da Awadiyya ke ajiye wa mata. Da aka buɗe taga ta bi layi. Wani matashin gandiroba ne yanzu, ya turo mata amudin, ya bi shi da wata baƙar leda a ƙulle. "Kayan wanki," ya ce.

Ba ta jira ta tsallaka titi ba. A gindin katangar ta ɗaga marfin ta kai hanci. Sabulu. Jan sabulun nan mai ƙarfin ƙanshi, har cikin lungun mariƙi an cuɗa.

Ta kwance ledar. Wando, zanen rufa, hula. A ƙasa arragin. Ta san inda za ta duba, hannunta ya riga idonta zuwa. An tsaga hammatar da reza, tsaga ɗaya miƙaƙƙiya. Zarenta yana nan gefe da gefe, ƙanana-ƙanana, ko ɗaya bai kwance da kansa ba. Ramin da ta yi wa layar yana nan, ba komai a ciki. A wuyan rigar akwai ɗigon abu da ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Ta gaya wa kanta miya ce.

Ta cusa rigar a leda ta ƙulle da sauri kamar wani zai ƙwace. Hafila, motar hayar da za ta kai ta tasha, ta zo ta tsaya, kwandasta na ƙwanƙwasa ƙofa yana kiran sunan tashar, "Arabi, Arabi!" Ta bar ta ta wuce. Ta bar ta biyu ma. Ta koma ƙarƙashin bishiyar ta zauna, ledar a cinya.

Awadiyya ta dubi ledar, ta dubi fuskarta, wannan karon ba ta yi wasa ba. "Tsohon nan Labaran yana tashi bayan la'asar," ta ce tana wanke kofuna. "Ba ya shan shayina, ya ce ina cika sukari. Ta lungun masu faci yake bi ya hau raksha. Ni ban ce miki komai ba."

Da la'asar ta yi ya fito ta ƙaramar ƙofa, ya cire hular aiki ya naɗe ta a aljihu. Ba tare da hular ba sai ya zama tsoho kawai, mai furfura da ɗingishi kaɗan. Munira ta bi shi daga nesa. Ta wuce masu faci, ta wuce mai sayar da lemo. Sau biyu tana rage tafiya don ya ɓace mata, bai ɓace ba. A bakin lungu ya tsaya jiran raksha, babur ɗin nan mai ƙafa uku. Ta zo ta tsaya gefensa, ta dubi ƙasa.

"Baba, ina wuni."

Da Hausa ta faɗa. Bai juyo ba. Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya dubi titin da ya baro. Raksha ta zo ta rage gudu, ya ɗaga mata hannu ta wuce.

"Lafiya lau, 'yata," ya ce. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, irin ta babanta. "'Yar gidan wa ce ke?"

"Gidan Malam Mahmud, a Aljirif."

"Allah ya ji ƙan malam. Ban san shi ba, amma na ji suna." Ya nuna inuwar wani shago da aka rufe. "Matso nan. Kada ki dube ni, ki yi kamar mota kike jira."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallon titi.

"Yana raye," ya ce. "Na san shi kike son ji. Yana raye, da ƙafarsa yake tsayawa."

Ta yi hamdala a ranta.

"An kama ƙwaya a ƙugun wandon wani, a cikin ɗinki. Sabon hafsan da aka kawo mana ya ce a fito da kowa tsakar gida a laluba kaya ɗinki-ɗinki. Aka zo kan ɗan'uwanki, yaron da ke laluben ya ji ƙullutu a hammata. Aka ce mene ne, ya ce ba komai. Ya rantse da Allah a gaban kowa ba komai a rigarsa. Da gaskiyarsa yake rantsuwa, ni na ga idonsa. Aka sa reza, abu ya faɗo ƙasa."

Munira ta matse ledar.

"Ɗan'uwanki yana ganin layar ya gane ta. Ya ce ta babana ce, ba a buɗewa. Hafsa ya ce za mu gani. Ya ɗora reza a kan fatar, sai ɗan'uwanki ya riƙe masa hannu. Bai buge shi ba, wallahi bai buge shi ba. Riƙewa kawai ya yi. Amma a gidan nan riƙe hannun hafsa da mari duk ɗaya ne."

"Sun buɗe?"

"Sun buɗe. Takarda ce ta tsufa, ana taɓa ta ta zama gari. Iska ta kwashe." Ya share wuya da hankici. "Ni na san mene ne. Tawa tana gida, a ƙarƙashin matashi. Amma wa ya tambaye ni?"

Wata mota ta wuce da kaɗe-kaɗen biki, yara na leƙe ta taga. Suka jira ta yi nisa.

"Abincin fa, Baba?"

"Ba a shigar masa da na gida. Burodi da ruwan waken adas, shi ke nan. Na ga in na mayar miki da shi cike, ki ɗauka har Aljirif, tsohuwa za ta gane. Akwai wani dattijo a ɗakinsu, Muntari, ba mai zuwa masa, 'yan'uwansa suna can yamma. Shi nake ba. Shi ke wanke kwanukan. Guntun sabulunsa da yake ɓoyo, a kansu yake ƙarar da shi. Na ce masa ba sai ya yi ba, ya ce ba shi da wata godiya sai ita."

Ta so ta ji haushin wani, ta rasa wa.

"Yaya yake a can?"

"Rufin kwano ne, 'yata, kin kuma ga zafin da ake yi. Da rana ba ya iya jingina da bango. Akwai 'yar kafa a saman ƙofa, nan yake kafa hanci. Kwanakin farko in na leƙa yakan yi min wasa, ya ce Amm Labaran, a kawo fanka da lemo mai sanyi a rubuta a kaina. Yanzu ya daina. Jiya ya tambaye ni ko an sauko daga Juma'a. Na ce yau Litinin. Ya ce to, ya koma ya zauna. Wani lokaci ina jin yana magana, ina tsammanin karatu yake, sai na kasa kunne na ji ciniki yake yi, shi kaɗai, yana saye yana sayarwa."

Munira ta cije gefen mayafinta.

"Yaushe za su fitar da shi?"

"Hukuncin riƙe hannu ai ya ƙare tuni. Ba shi ke riƙe da shi ba yanzu." Ya gyara tsayuwa a kan ƙafarsa mai lafiya. "Hafsa hanya yake nema. Ya ce wanda ya iya shigo da wannan ba a gani ba, zai iya shigo da komai. Yana zaton cikinmu ne wani ke yi masa fasa-ƙwauri. Ya ce ba zai fito ba sai ya faɗi wanda ya ɗinka. Kullum da safe ana buɗe kafar a tambaye shi, kullum amsa ɗaya. Ya ce shi ya ɗinka. Har hafsa ya sa aka kawo allura da zare da ƙyalle, ya ce to ɗinka mu gani. Ɗan'uwanki ya kasa zura zaren ma. Ya yi ta lasa yana kuskure, yaran nan suna dariya. Duk da haka ya ce shi ne."

"Ba su tambaye shi wa ke kawo masa kaya ba?"

"Sun tambaya. Ya ce ƙanwata 'yar boko ce, ko maɓalli ba ta iya sawa." Ya ɗan yi murmushi bai dube ta ba. "Ni ma aka kira ni, tun da ni ne a taga ranar. Na ce na duba kayan da hannuna, babu komai. Riga kuwa a ciki tana yawo, wannan ya saya, wancan ya ara, wa ya san inda ta fito."

Sai yanzu ta saci kallonsa. Gumi ya jiƙa masa wuyan kaki. Takalminsa na hagu an yi masa faci har sau ba adadi. Idonsa na kan titi, bai ko ƙifta wajenta ba.

"Duk wanda aka tabbatar ya shigo da abu a ɓoye," ya ce, "an rufe masa ƙofar nan ke nan. Ba ziyara, ba amudi, har ɗan'uwansa ya gama wa'adi. Wani lokaci a nan ake tsayawa. Wani lokaci a miƙa shi wurin 'yan sanda. Ya danganta da yadda hafsa ya tashi. Ku kuma, in ban yi kuskure ba, ke kaɗai ce mai ƙafa a gidanku."

Ta mayar da idonta kan titi.

"Ya ba ni saƙo. Ya ce in na ga dama ta samu in gaya miki, kada ki buɗe baki. Ya ce shi namiji ne, zai iya. Ya ce ki ci gaba da ce wa tsohuwa yana lafiya." Ya yi tari. "Ni ma da 'yata ce haka zan ce mata. Hafsa zai gaji. Irinsu ba sa daɗewa, ana ɗauke su. Ni ma ɗin nan kwana nawa ya rage min in ajiye kakin nan in huta? Kowa ya yi haƙuri, a rabu lafiya."

Ta juya maganar a ranta. Ɗahiru zai iya cewa shi namiji ne, irin maganarsa ce. Amma Ɗahiru bai taɓa kiran Yumma tsohuwa ba. Ta rasa inda saƙon yayanta ya tsaya, inda na mai kawo saƙon ya fara. Wataƙila duk na Ɗahiru ne. Wataƙila mutumin da bai san Litinin daga Juma'a ba bai aiko da komai ba.

Ta hango kanta a mota, amudi a cinya, gada, kogin ya yi ja da yamma, hayaƙin masu gasa bulo, ƙofar gidansu. Yumma za ta buɗe kwanukan ta shinshina. Za ta ce ya cinye? Ita kuma za ta ce ya cinye. Jibi ta sake kawowa, dattijo Muntari ya ci ya wanke. Da safe a buɗe kafar a tambaya, a rufe.

Ta kuma hango ɗaya hanyar. Ƙofar nan a rufe gare ta. Yumma a kan gado ba mai kawo mata ko ƙarya. Ko kuma ita kanta a bayan wata katangar, Yumma na laluben bango zuwa randa ita kaɗai.

Raksha ta taho babu kowa a ciki. Labaran ya ɗaga hannu, ta tsaya. Ya ce da Larabci, da ƙarfi, kamar mai sallamar baƙuwar da ta tambayi hanya, "Ki tsallaka can, motar Arabi a can take tsayawa." Ya dafa ƙarfen ya ɗaga ƙafarsa mai ciwo.

Tun a gindin katanga, tun da ta ga tsagar, tambayar take zaune a maƙogwaronta. Ta tambayi abinci, ta tambayi rana, ta tambayi komai don kada ta zo kanta. Mai raksha ya murɗa, injin ya ɗauki ƙara. Munira, wadda ko kwandasta ba ta iya ce wa tsaya sai ta wuce unguwarsu, ta miƙa hannu ta riƙe ƙarfen rakshar.

Labaran ya juyo. Karo na farko ya dube ta ido cikin ido.

"Baba," ta ce, "in na koma yanzu na ce ni ce na ɗinka, za su fitar da shi?"